Zanen Volmer VJ-22: jirgin katako mai sauka ƙasa da ruwa, idan a Damagaram za a haɗa shi

Abin da mutum ke samu idan ya sayi Volmer VJ-22 Sportsman ɗaurin takardun zane ne, kowace da awonta. Katako, gam, inji, fukafukai da tayoyi duk kai za ka nemo. Volmer Jensen, mutumin Burbank a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya zana jirgin, kuma na farkon da ya haɗa ya tashi a watan Disamba na 1958. Tun daga lokacin an sayar da ɗaruruwan zanen, amma jiragen da aka gama har suka tashi ba su ko kusa da yawan takardun da aka saya ba.

Ra'ayinmu tun daga farko: zanen nagari ne, kuma shekaru sama da 60 sun gwada shi. Sai dai mai zanen ya ɗauka maginin na zaune inda iska ke da sanyi, ga tafki kusa, ga tsofaffin fukafukai a arha. Ko ɗaya daga cikin ukun nan babu a Zinder.

Jirgin mutum biyu ne, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Gangar jikinsa ta kwale-kwale ce, fukafukai a sama, inji kuma a kan ƙafafun ƙarfe bisa fukafukan, farfelarsa na kallon baya tana turawa. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11.1, tsawo mita 7.3. A takarda nauyinsa ba kowa ciki kilo 454, iyakar abin da zai tashi da shi kilo 680. Yana tafiya kilomita 137 a awa, kuma fukafukai na daina riƙe shi a wajen kilomita 72 a awa. Tayoyin da hannu ake ɗage su, ba famfo ba lantarki, abin da muke yabawa ƙwarai, domin duk abin da ka rage ka rage wanda zai lalace.

Awon zanen duk da inci ne. Kada a zauna a juya su zuwa milimita ɗaya bayan ɗaya. Nan kuskure ke shigowa, a tara ɗan ragi nan ɗan ƙari can har haƙarƙarin ganga ya ƙi zama a layi. A sayi tef da rula masu inci a yi aiki da su kai tsaye. Bol da noti ma na jirgin sama ne masu lambar AN, zarensu na inci. Na shagunan kayan mota ba su maye gurbinsu, ko da kaurin ya zo ɗaya, saboda ba a san irin ƙarfen da aka yi su da shi ba.

Gangar ita ce inda zanen ya fi burge mu, kuma aiki ne da kafinta mai haƙuri zai iya. Ƙashinta katakon sifurus ne, irin na Sitka, a lulluɓe shi da filawud na mahogani siriri, inci 1/16 da 3/32, wato kusan milimita 1.6 da 2.4, sai a ƙasa wajen mataki, wato ɗan tsanin da ke ƙarƙashin ganga wanda ke taimaka mata ta rabu da ruwa, inda ruwa ya fi duka, a sa mai inci 1/4. Sifurus na jirgi yana da ƙa'ida: zoben shekara aƙalla 6 a kowane inci, jijiyar katako kada ta karkace fiye da 1 cikin 15, ba ido, ba tsaga. Farin katakon da ake sayarwa a kasuwar Dole na rufi ne da ƙofa. Yana da amfani wajen yin teburin aiki da abin ɗora ganga, amma kada ko yanki ɗaya ya shiga jikin jirgi. Haka filawud ɗin kasuwa: a tsakiyarsa akwai ramuka da ba a gani, gam ɗinsa kuma ruwa na sakin sa. Wanda bai sami na mahogani ba, zai iya samun na bishiyar bac daga Finlan, mai milimita 1.5 ko 2.5, sai dai ya san ya fi nauyi, kuma ya fi wuyar lanƙwasawa a hancin ganga.

Babbar matsalar da takardun ba su ce komai a kanta ba ita ce bushewar iskarmu. Katakon jirgi na barin kamfani da danshi tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Da hunturu, idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 15, katako kan bushe har ya koma wajen kashi 4. A watan Agusta kuma ya sake sha ya haura 12. Katako ba ya raguwa a tsawo, a faɗi yake shiga yana fita, kuma fallen da ke da faɗin santimita 14 zai iya motsa milimita 1 zuwa 2 tsakanin hunturu da damina. Filawud kuwa kusan ba ya motsi. To duk inda aka manna sifurus mai faɗi da filawud, ɗaya na ja ɗaya na tsaye, kuma a nan tsaga ke fara fitowa. Bol ɗin da aka ɗaure tam a kan katako da damina, kafin Fabrairu ya yi sako-sako.

Maganin ba shi da tsada, lokaci yake ci. Katako ya iso, a shafe bakinsa biyu da gam ko fenti don kada ya tsage ta ƙarshe, a jera shi kwance da 'yan sanduna a tsakani, cikin ɗakin da za a yi aikin, ya yi wata biyu ko uku kafin zarto ya taɓa shi. A rataye na'urar auna danshi a bango. Manyan haɗe-haɗe a yi su lokacin da danshi ke tsaka-tsaki, kamar bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba ko gab da faɗuwar damina, don katakon ya sami wurin motsi ta ɓangare biyu. Duk abin da aka gama a shafe shi ciki da waje da ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, hawa biyu ba tare da jinkiri ba, har cikin ramin kowane bol. Ɗakin kuma ya zama mai daɓen siminti, katako a kan ƙafafun ƙarfe, nesa da bango. Gara ba ta buƙatar mako guda ta ɓata kayan da aka yi wata shida ana jira.

Sai gam. Wanda muke ba da shawara shi ne ifoksi irin T-88, da ake haɗawa ɗaya da ɗaya a mudu. A zafin digiri 25 yana ba mutum kamar minti 45 kafin ya fara kauri, amma duk ƙarin digiri 10 na rage lokacin da rabi, don haka a digiri 40 na bazara minti 15 ma sai da sauri. Idan aka dama da yawa a gwangwani mai zurfi, da kansa yake ɗaukar zafi ya daskare a hannu. A dama giram 30 zuwa 50 a faranti mai faɗi, bayan sallar asuba, kwalaben kuma su kwana a cikin ruwan randa. A shafa wa fuska biyun, a bar busasshen katako ya sha, a ƙara, sannan a haɗa. Kada a matse da ƙarfi: ifoksi na son a bar masa ɗan kauri a tsakani, in an matse shi duka ya fita haɗin ya zama fanko. Kuma kowane damu a manna 'yan guntaye biyu na gwaji, a rubuta kwanan wata, bayan mako a fasa da guduma. Katakon ne ya kamata ya yage. Idan ta layin gam ya rabu sumul, duk abin da aka manna da wannan damun abin tuhuma ne.

Farin gam na kafintoci ba shi da wuri a nan, yana saki a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa. Tsohon gam na yuriya irin Aerolite, da za a gani a rubuce-rubucen magina na da, zafi da danshi na cinye shi, ya zama gari cikin shekaru.

Inda filawud biyu za su haɗu, feƙe bakin ake yi a kwance, 12 cikin 1. A fallen milimita 2.4 ke nan faɗin feƙewar ya kai milimita 29. Ga ƙashin fiffike 15 cikin 1 ne. Duk wannan na cikin littafin gyaran jirgi na FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, mai lamba AC 43.13-1B, wanda ake saukewa kyauta a intanet, kuma dole ya zauna kusa da zanen, domin Jensen ya rubuta wa mutanen da ya ɗauka sun riga sun san waɗannan abubuwa. Wannan rauni ne na gaske a takardun: suna gaya maka me za ka yi, ba su cika gaya maka yadda za ka yi ba.

Bayan ganga ana lulluɓe ta da yadin gilas. Mai giram 200 a murabba'in mita ya isa, a ƙara hawa a ƙasa da bakin mataki. A nan magina ke ƙara wa jirgi nauyi ba su sani ba, suna ta zuba ifoksi don ya yi sheƙi. A kankare rarar da roba tun yana ɗanye. Fenti fari kawai. Ifoksin da ya bushe a zafin ɗaki yana fara laushi a wajen digiri 55 zuwa 60, kuma fenti mai duhu a ranar Afrilu ta Damagaram na wuce haka cikin sauƙi.

Fukafukai su ne tarkon zanen. Jensen bai zana sababbi ba, ya ɗauki na Aeronca Champion ko Chief, ƙananan jiragen da aka ƙera dubbai bayan yaƙin duniya na biyu. A 1958 dabara ce mai kyau, don ana samun su birjik. Yau tsofaffin sun haura shekara 70. Ƙashinsu katako ne, haƙarƙarin alminiyom da aka kafa da ƙananan ƙusoshi, kuma a shekarar 2000 FAA ta ba da umarnin a riƙa binciken waɗannan ƙasusuwan saboda tsagar matsewa, wadda ke ratsa jijiyar katako siririya ƙwarai, da ƙusoshin da ke zarewa. Sayen tsohon fiffike daga nesa, da yadinsa a rufe, ta hoto, caca ce da rai. Abin da ya fi shi ne a sayi haƙarƙari da ƙarafan haɗi, sababbi daga kamfani irin Univair ko tsofaffin da aka duba, a sa musu sabon ƙashi. Kowane ƙashi ya kusa mita 5, ba ya shiga kayan jirgin fasinja. Ta teku zai zo a akwatin katako, ya bi mota ɗaruruwan kilomita, ya tsaya a duwan, kuma kuɗin hanya na iya fin kuɗin katakon. A haɗa odar sifurus, filawud, bututun ƙarfe 4130 da yadi a akwati guda.

Yadin fiffike na foliyesta ne, irin Ceconite ko Poly-Fiber, da dutsen guga ake ɗame shi: zagaye na farko digiri 121, na ƙarshe 177. In ya haura 190 zaren ya saki ke nan har abada. Lambobin jikin dutsen guga ba abin dogara ba ne, a gwada shi da ma'aunin zafi a yi masa alama. Hawan fenti mai ruwan azurfa da ke tare hasken rana kada a rage ko ɗaya; a sa fitila cikin fiffike, in haske ya ratso a ƙara.

Ƙafafun inji da na taya bututun 4130 ne mai siririn bango. Waldar lantarki ta sanda da ake yin ƙofa da taga tana huda shi ko ta bar shi da gautsi. Sai waldar gas ko TIG, a hannun wanda ya yi gwaji a guntaye aka yanka aka duba.

Injin farko Continental C-85 ne, ƙarfin doki 85. A nan ba mu ga dalilin sa shi ba. Filin jirgin Zinder na kan tudu kimanin mita 460 bisa teku. Idan zafi ya kai digiri 42, iskar ta yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana mita 1,550, inji kuma ya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Doki 85 ya koma 72. Injin Continental O-200 mai doki 100 ya koma 85, wato sai da shi ne za ka sami abin da Jensen ya samu a bakin teku. Farfela da fukafukai su ma suna rasa kamu a siririyar iska, ga shi tashi daga ruwa ya fi tashi daga kwalta cin ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko da O-200, tashi da mutum biyu daga tafki da azahar a watan Mayu abu ne da ba za mu yarda da shi ba. Da sanyin safiya ake wannan.

A tabbatar injin da za a saya ya yarda da farfelar turawa, domin matsin da ke kan sandar inji juyawa yake yi. Sanyaya shi ma aiki ne: farfela na baya, ba ta hura wa silinda iska, kuma a kan ruwa jirgi na tafiya a hankali inji na aiki da ƙarfi. Faifan da ke bi da iska cikin silinda su zauna ba rami, a sa ma'aunin zafin kan silinda, musamman biyun da iska ke isa gare su a ƙarshe. Matatar iska a duba ta bayan kowane tashi da hunturu, baƙin mai a canza shi duk awa 25.

Mai kuwa, matatar SORAZ da ke arewa da gari na fitar da esansi da gazuwal da gas, ba ta yin man ƙananan jirage 100LL. Sa'ar ita ce waɗannan injina masu ƙaramin matsi ne, an yi su don mai mai lamba 80/87, kuma a Amurka akwai izinin ba su man mota marar giya, wato wanda ba a gauraya shi da barasar etanol ba. Haɗarin esansi a zafi shi ne ya tafasa cikin bututu ya yanke wa kabureta mai, sau da yawa daidai lokacin tashi bayan jirgi ya daɗe a rana. A nisanta bututu da salansa, a naɗe shi da abin tare zafi, a sa famfon lantarki na taimako tunda inji na sama. Man kwalba na bakin titi kada ya kusanci tankin. Gwajin giya mai sauƙi ne: ruwa kashi 1, mai kashi 9 a kwalba mai alama, a girgiza, in ruwan ya ƙaru akwai giya.

A yi lissafin kaya da gaskiya. Tsakanin 454 da 680 akwai kilo 226. Tanki cike, lita 76, ya ci 54. Maza biyu masu kilo 75 sun ci 150. Saura 22, na anga, igiya, filafili, rigunan ruwa da ruwan sha. Jiragen da aka haɗa a gida kuma kusan kullum sun fi na takarda nauyi. O-200 na shan lita 21 zuwa 23 a awa, tafiyar tanki ɗaya ba ta wuce kilomita 480. Maraɗi na cikin wannan, Yamai kuwa ta fi kilomita 700 a miƙe, sai an yada zango.

Tambayar da ta fi kowace nauyi: ina ruwan da za a sauka a kai? Kogin Kwara na can yamma. Tafkin Cadi da Komadugu na yankin Difa, inda halin tsaro bai bar wurin shawagin nishaɗi ba. Kusa da mu akwai tafkin Gidimuni da na Lasuri, dukansu suna cikin jerin dausayin Ramsar, wuraren tsuntsaye ne da masunta da masu lambu, ba a sauka a kansu sai da izini. Sauran tafkunan damina ne, daga Agusta zuwa ƙarshen shekara, suna ja baya kullum. Jirgi irin wannan, a zafinmu, muna ganin kada a ba shi ƙasa da kilomita ɗaya da rabi na ruwa miƙaƙƙe, zurfin mita guda, ba kututture, ba taru, ba kacalla. Filawud mai milimita 6 ba ya jure karo da turken da masunci ya kafa. Sai an bi wurin da kwale-kwale da gora an auna, a ranar da za a sauka, ba makon jiya ba. Wanda ya auna wannan duka ya ga sau biyu ko uku a shekara zai taɓa ruwa, gara ya nemi zanen jirgin ƙasa zalla. Da inji iri ɗaya zai fi sauri, ya fi ɗaukar kaya. Osprey II na George Pereira, da ya tashi a 1973, ya fi Volmer gudu, amma yana son inji mai doki 150, yana sauka da sauri, yana buƙatar ruwa mai tsawo. Ga ƙananan tafkunanmu babban fiffiken Volmer da saukarsa a hankali sun fi dacewa.

A sama jirgin mai sauƙin hali ne, amma yana da ɗabi'ar da matuƙin ƙaramin jirgin ƙasa irin Cessna bai saba da ita ba. Tunda inji na bisa, ƙara wuta na danna hanci ƙasa, rage wuta na ɗaga shi. Inji ya mutu ana cikin hawa, hanci zai ɗaga daidai lokacin da gudu ke zubewa, sai an tura sanda gaba nan take. A ruwa, ana jan sanda baya har ganga ta hau, a sassauta ta kwanta kan mataki. Hanci ya yi ƙasa da yawa ko sama da yawa, jirgi ya fara sukuwa, kowane tsalle ya fi na baya. In ba a kama shi a na biyu ba a rage wuta a tsaya. Ruwan da ya kwanta lumui ba iska ya fi mai ƙananan igiyoyi haɗari, don ido ba ya gane nisansa, sai a sauko da wuta a hankali, kamar mita 45 a minti, har ganga ta taɓa da kanta. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe matuƙan irin waɗannan jirage shi ne sauka a ruwa da tayoyi a ƙasa: jirgi na kifewa nan take. A faɗa da baki kafin kowace sauka, ruwa ne, taya sama, a leƙa a gani da ido. Wannan duk sai an koya wurin malamin tuƙin jirgin ruwa, wanda ke nufin tafiya waje, kuma kuɗinta na cikin kuɗin jirgin.

Takardun hukuma a fara da su kafin a yanka katako ko ɗaya. ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar da ke Yamai, ke ba da rajista mai farawa da 5U da izinin tashi. A je da zanen, a nemi a rubuce yadda za su karɓi jirgin da mutum ya haɗa da kansa, da matakan da suke so su duba kafin a rufe ganga da fukafukai. A ajiye rasit na kowane katako da bol, a ɗauki hoton kowane haɗi kafin a lulluɓe. A Amurka tsarin da aka daɗe ana bi shi ne sabon jirgin gida ya yi awa 40 na gwaji, ko 25 in inji da farfela masu takardar shaida ne, matuƙi shi kaɗai, kusa da fili. Ko ba a tilasta maka ba, ka bi wannan. Kafin nan a ɗora jirgi kan sikeli uku a fitar da tsakiyar nauyinsa, a sa gangar a ruwa ta yi awa biyu a ɗaure ana duba yoyo ɗaki-ɗaki. Tashin farko daga kwalta ne, ruwa sai hannu ya saba. Bayan kowace sauka a tafki a kwance matosan ƙasa a tsiyaye, a bar ƙofofin dubawa a buɗe ganga ta sha iska, domin lita 10 da ta taru a wutsiya ta isa ta ja tsakiyar nauyi baya. Farfelar katako kuma a duba bakinta, feshin ruwa na cin sa, a sake auna ɗaurin bol ɗinta da shigowar hunturu da kuma bayan ruwan farko.